Inda Fata Ta Haɗu da Roba

Idan aka ɗaga ƙafar roba a gaban jama'a, idon kowa ƙasa yake sauka, wajen tafin ƙafar. Ana duba ko yatsun sun yi kama da na gaske, ko launin ya dace da fatar mai ita, ko za ta shiga takalmi. Shi kuwa wanda zai sa ta, kafin mako ya zagayo ya daina kallon yatsun. Hankalinsa ya koma sama, can bakin kuben da dungulminsa ke shiga, abin da masu sana'ar ke kira soket. Idan soket ya zauna daidai, mutum zai wuni a tsaye har ya manta da shi. Idan ya kuskure da ɗan kaɗan, ko da kaurin farce ne, to komai tsadar ƙafar, ƙarshenta a jingine ta a bayan ƙofa a koma wa sanda.

Kayan nan iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai wanda ke maye gurbin gaɓar da ta tafi, wato ƙafa ko hannun roba. Akwai kuma wanda ke tallafar gaɓar da tana nan amma ta gaza: takalmin ƙarfe na wanda shan inna ta taɓa, robar da ke riƙe idon sawun wanda ɓarin jikinsa ya shanye, rigar roba mai tauri da ake sa wa yarinyar da ƙashin bayanta ke karkacewa. Duka sana'a ɗaya ce, a ɗakin aiki ɗaya ake yin su, da filasta ɗaya da tanda ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar kan wannan aiki a 2017, ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane 200 na buƙatar irin waɗannan kaya, wato mutum miliyan 35 zuwa 40 a duniya, kuma ɗaya cikin goma ne kawai ke samu. Wannan adadi yana da nauyi, amma bai ƙirga waɗanda suka samu suka kasa amfani da abin da aka ba su ba, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai.

Dalilin wahalar soket yana cikin halittar jiki. Tafin ƙafa an yi shi ne don ɗaukar nauyi: fatarsa mai kauri ce, ƙarƙashin dunduniya kuma akwai kitse a jere cikin ƙananan ɗakuna da ke shanye duk wani bugu. Wanda aka yanke wa ƙafa a ƙasan gwiwa ya rasa wannan matashi. Abin da ya rage masa shi ne ƙwauri, wanda fatarsa siririya ce a kan ƙashi, ga kuma bakin ƙashin da aka yanke a ƙasa. Yanzu ana so wannan wuri, da bai taɓa ɗaukar ko nauyin jariri ba, ya ɗauki nauyin babban mutum sau dubbai a kowace rana. Ba zai yiwu a bar nauyin ya sauka a bakin dungulmi ba. Dole a rarraba shi zuwa wuraren da ke iya jurewa, kamar jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, da faffaɗan gefen ƙwauri na ciki, da tsokar sha-raɓa ta baya, a kuma kauce wa wuraren da ba sa jurewa, kamar kaifin ƙwauri na gaba da ɗan tudun ƙashin da ke gefen gwiwa ta waje, inda wata jijiya ke ratsawa kusa da fata. A Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali, a Amurka, aka tsara wannan salo na soket a ƙarshen shekarun 1950, kuma har yau yawancin ƙafafun ƙasan gwiwa daga shi suka samo asali.

Ya kamata mutum ya ga yadda ake ɗaukar awon, don a nan ne zai gane cewa aikin hannu ne. Mai haɗa ƙafar zai sa wa dungulmi siririyar safa, ya bi da yatsa yana lalubar kowane tudun ƙashi, yana zagaye shi da fensir mai shuɗi. Sai ya naɗe da bandejin filasta a jiƙe. Kafin filastar ta bushe, zai dafa manyan yatsunsa biyu a gefe da gefen jijiyar gwiwa, sauran yatsun a baya, ya riƙe haka ba motsi har ta yi tauri. Ya zare ta kamar hula, ya cika ta da ruwan filasta, ya fito da siffar dungulmin, shuɗin fensir ɗin duk ya hau kanta. Daga nan sai ya ɗauki magagari. Inda yake so soket ya danna, ya kankare kaɗan. Inda yake so ya ɗaga, ya ƙara filasta. A kan wannan siffa za a lulluɓa roba mai zafi daga tanda, a zuƙe iska ta lafe.

Ranar gwaji ma karatu ce. Dattijo zai sa ƙafar ya yi zirga-zirga tsakanin sandunan ƙarfe biyu na minti goma, sannan a ce ya cire. Ma'aikacin zai durƙusa ya zuba wa fatar ido.

"Baba, ina take ci maka?"

"Babu komai, ɗana. Lafiya lau, Allah ya saka."

"A'a Baba, nuna mini da yatsa. In ba ka faɗa ba, da ita za ka koma gida."

Sai dattijon ya ɗan yi jim, ya ɗora yatsa a gefen gwiwa. Wurin kuwa ya riga ya canza launi. Ƙa'idar da ake koya wa kowa ita ce, shaidar da soket ya bari a fata idan ta ɓace cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin, babu laifi. Idan ta wuce haka, gobe bororo ne, jibi gyambo. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka sai an haɗa da taɓawa, a ji ɗumi ko tauri. Abin da ke ba ni tsoro a irin wannan wuri shi ne kunya. Mutumin da aka ba shi ƙafa kyauta yakan ga kamar butulci ne ya ce tana masa ciwo, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu na'urar da za ta gaya wa ma'aikaci abin da bakin mai ƙafar ya ɓoye.

Da a ce dungulmi yana tsayawa yadda aka auna shi, da da sauƙi. Ba ya tsayawa. A watannin farko bayan tiyata kumburi yana sacewa, tsokar da ta daina aiki tana ramewa, sai soket ɗin da ya yi cif a watan farko ya koma yana lilo a wata na huɗu. Dungulmin ya nutse ciki, bakin ƙashi ya fara taɓa ƙasa. Shi ya sa ake ba mutum safuna masu kauri daban-daban, yana ƙarawa yana ragewa, kuma shi ya sa soket na farko na wucin gadi ne, dole a sake wani idan jiki ya daidaita. Ko a rana ɗaya ma girman yana sauyawa, da safe a cike, da yamma a sace. Ga zufa, domin fata tana rufe a cikin roba tun safe, ba iska. Safar silikon (wata roba mai taushi) da wani ɗan ƙasar Aisland, Össur Kristinsson, wanda shi ma da ƙafar roba yake tafiya, ya fito da ita a shekarun 1980 ta rage gogayya ƙwarai, amma a wuri mai zafi tana tara gumi, kuma sai an wanke ta kullum. Bayan soket kuma akwai saiti, wato yadda aka jera soket da bututu da tafin ƙafa a kan juna. Juya kusa ɗaya rabin zagaye yana iya sa gwiwa ta riƙa turawa waje a kowane taku, bayan shekara mutum ya zo da ciwon baya bai san daga ina ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A wani kabari kusa da Luksor a Masar an samu gawar wata mata da babban yatsan ƙafa na itace da fata, mai shekara kusan 3,000. Da masana na Jami'ar Basel suka sake nazarinsa a 2017, sun ga alamar an yi ta gyara shi sau da dama don ya dace da ƙafar mai shi. Tun wancan zamani ke nan mai sassaƙa ya san aikinsa bai ƙare ranar da ya miƙa kaya ba.

Gaskiya ma aikin yana farawa ne tun kafin a yi maganar roba, a hannun likitan tiyata. Inda ya sa wuƙa shi zai bi mutum har ƙarshen ransa. Babbar maganar ita ce gwiwa. Wanda aka bar masa gwiwarsa, ƙarfin da yake kashewa wajen tafiya yakan ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari. Wanda aka yanke a cinya, ƙarin yakan haura kashi 60, kuma ya fi haka idan tsoho ne mai ciwon jijiyoyin jini. Ga saurayin da ya yi hatsarin mota wannan gajiya ce kawai. Ga dattijuwa mai ciwon zuciya kuwa, shi ne bambancin tafiya da ƙafa da zama a keke. Siffar dungulmin ma tana da muhimmanci: a goge kaifin ƙashi, a lulluɓe shi da tsoka, a ja jijiya a yanke ta can sama don kada ta yi ƙulli a inda soket zai danna, a kuma kawar da tabon ɗinki daga wurin nauyi.

Sai makonnin jinya, waɗanda ake yawan ɓata su cikin ƙauna. Ɗan uwa mai tausayi zai tura matashi ƙarƙashin gwiwar mara lafiya don ya ji daɗi, ya bar shi zaune a kujera wuni guda. Bayan wata biyu gwiwar ta ƙage a lanƙwashe, ba ta miƙewa, kuma ƙafar roba ba ta hawa gwiwar da ta ƙage sosai. Abin da masu gashin ƙashi ke nacewa a kai ba shi da wuya: a miƙe gwiwa, a riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kullum don kada ƙugu ya ƙage, a naɗe dungulmi da bandeji mai talewa a gicciye, ya fi matsewa a ƙasa ya sassauta a sama, a ƙarfafa hannuwa da ɗaya ƙafar. Wanda ya yi wannan ya riga ya ci rabin tafiyar.

Akwai kuma abin da mutane ke jin nauyin faɗa, don kada a ce sun taɓu. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna ci gaba da jin ta. Mutum zai ji ƙaiƙayi a tafin ƙafar da aka binne tun bara, ko ya ji yatsun sun murɗe suna zogi, ko ya tashi da dare ya taka ƙafar da babu ita ya faɗi. Likita Silas Weir Mitchell ya rubuta wannan dalla-dalla a 1871, bayan ya yi jinyar sojojin yaƙin basasar Amurka. Dalilin shi ne taswirar jiki tana cikin ƙwaƙwalwa, kuma wuƙar likita ba ta kai can ba. A shekarun 1990 V. S. Ramachandran ya gwada wata dabara da madubi: a ajiye shi yadda mutum zai ga hoton lafiyayyar gaɓarsa a gurbin wadda ta tafi, ya motsa ta, ƙwaƙwalwa ta ga kamar wadda ta ƙage ce ta saki. Wasu suna samun sauƙi da haka, wasu ba sa samu. Abin da ke taimakon kowa shi ne a gaya masa tun kafin tiyata cewa hakan zai iya faruwa, kuma ba hauka ba ne.

Idan aka ce yanke ƙafa, tunani yakan tafi ga yaƙi da nakiya da hatsarin hanya, kuma duk suna nan. Amma a ƙasashe da dama ciwon suga da toshewar jijiyoyin jini su ne kan gaba. Mafi yawan yankewar da suga ke jawowa, kusan kashi 85 cikin ɗari, da ɗan gyambo a ƙafa take farawa. A nan ne iri na biyu, wato kayan tallafi, yake shigowa, kuma a ganina shi ne aka fi yi wa rashin adalci, domin nasararsa ba ta da hoto. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a Vellore a Indiya, shi ya nuna cewa ba kuturta ce ke cinye yatsu kai tsaye ba. Cutar tana kashe jin zafi ne, sai mutum ya yi ta taka wuri ɗaya da rauni bai sani ba, har naman ya lalace. Suga ma haka take yi wa tafin ƙafa. Maganin gyambon irin wannan shi ne a ɗauke masa nauyi, ko da simintin da ke lafe wa ƙafa gaba ɗaya ya raba nauyin, ko da takalmi na musamman mai shimfiɗar ciki da aka ƙera a kan siffar ƙafar. Wanda kuma aka riga aka yanke wa ƙafa ɗaya saboda suga, ɗayar da ta rage tana cikin haɗari babba, don cutar tana nan kuma aiki ya ƙaru a kanta. Wurin da ya ba shi ƙafar roba bai duba takalmin ɗaya ƙafar ba, rabin aiki ya yi.

Yawancin takalman gyara, manya ko ƙanana, a kan dabara ɗaya suke: wuri uku. Kamar mai miƙe sanda ne, ya sa gwiwa a tsakiya ya ja bakin biyu. A danna a ƙololuwar lanƙwasa, a tare a sama da ƙasa ta ɗaya gefen. Likitan Faransa Nicolas Andry, a littafinsa na 1741 wanda ya ba fannin gyaran ƙashi sunansa, ya zana karkataccen ɗan itace ɗaure da miƙaƙƙen turke, kuma har yau wannan zane ne tambarin likitocin ƙashi. Mu ma mun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki. Kusan ɗaya cikin kowace haihuwa 1,000 ne. Da, babbar tiyata ake yi, yaro ya girma da ƙafa sandararriya mai ciwo. Ignacio Ponseti, ɗan Sifaniya da ya yi aiki a Jami'ar Ayowa a Amurka, ya fito da wata hanya tun wajen 1950, amma sai a shekarun 1990 duniya ta waiwaye ta. Kowane mako a murza ƙafar a hankali a sa siminti, sau biyar zuwa bakwai, sannan galibi a ɗan tsaga agara, a sake sa siminti na mako uku. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙafafun suna miƙewa. Iyaye su ga ƙafa ta yi kyau, su yi hamdala, su ɗauka an gama. Alhali yanzu ne aka shiga mai wuyar. Dole yaron ya sa wasu takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa, faɗin kafaɗarsa, ƙafafun suna kallon waje, awa 23 a rana har wata uku, sannan kowane dare har ya kai shekara huɗu ko biyar. A daren farko zai yi kuka, don ya saba harba ƙafa ɗaya ɗaya, yanzu sai dai biyu tare. Uwa tana zaune ita kaɗai da tsakar dare, hannunta a kan igiyar takalmin, kakar yaro tana cewa a cire masa wannan ƙarfe haka nan. Idan ta cire yau, gobe kukan zai fi, kuma mafi yawan ƙafafun da suka koma murɗewa daga nan ne. Takalmin kansa ba shi da wuyar ƙerawa. Wanda Michiel Steenbeek ya tsara a Yuganda da fata da ƙarfe da katako ake yin sa, kuma yana aiki. Abin da ke da wuya shi ne a samu wanda zai zauna da uwar ya nuna mata yadda dunduniya ke zama a ƙasan takalmi, ya gaya mata kukan na kwana biyu ko uku ne, ya kuma neme ta idan ba ta zo ranar da aka sa mata ba.

Karkacewar ƙashin baya a 'yan shekara goma zuwa sha biyar, wadda ta fi tsananta ga 'yan mata, ita ma haka. An daɗe ana gardama ko rigar roba tana da amfani, har aka yi wani babban gwaji a Amurka da Kanada aka wallafa a 2013. Cikin waɗanda suka sa rigar, kashi 72 cikin ɗari sun gama girma karkacewar ba ta kai matakin tiyata ba. Cikin waɗanda aka zuba wa ido kawai, kashi 48. Masu binciken sun saka 'yar na'urar auna ɗumi a cikin rigar don su san awa nawa aka sa ta da gaske, sai suka ga waɗanda suka kai awa 13 ko fiye a rana, kusan tara cikin goma sun tsira. Rigar ba ta miƙe bayan, tana hana shi ƙara karkacewa ne har ƙashi ya gama girma. Yarinya mai shekara goma sha uku kuwa, wadda ke tsoron idon ƙawayenta, ita ce za ta yanke hukuncin awa nawa.

Na manya ya fi sauƙin bayani. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan ja yatsu a ƙasa don ƙafar ba ta ɗagowa. 'Yar roba mai siffar kwana daga sha-raɓa zuwa tafin ƙafa tana riƙe ta, ya daina tuntuɓe. Wanda shan inna ta kashe wa tsokar cinya, takalmi mai ƙarfe biyu a gefe da makulli a gwiwa yana ba shi damar tsayawa ba tare da dafa gwiwa da hannu ba, in zai zauna ya buɗe makullin. Sai dai a kula, gaɓar da aka ɗaure ba dalili tana sandarewa, tsoka ta rame. Abin wuya ko na gwiwa da mutum ya saya da kansa ya yi wata shida da shi yana iya barin sa a baya da inda ya fara.

To ina fasahar zamani? Tana nan, kuma ban raina ta ba. Kamfanin Ottobock, wanda aka kafa a Jamus a 1919 saboda dubban sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nakasa, ya fito da gwiwar C-Leg a 1997, mai ƙaramar kwamfuta da ke auna taku tana ƙara tauri ko sassautawa, kuma tana rage faɗuwa a gangare da matakala. A Gotenbag ta Suwidin, a 1990, Rickard Brånemark ya fara dasa ƙarfen titaniyom a cikin ƙashin cinya, bakinsa ya fito waje a ɗaura ƙafar kai tsaye. Wannan ya kawar da soket gaba ɗaya, amma ya bar ƙofa a fata wadda sai an tsare ta daga ƙwayoyin cuta har abada. Kowace daga cikinsu tana neman caji, ko kayan gyara, ko asibiti a kusa.

Labarin Jaipur a Indiya ya nuna ɗaya fuskar. Likita P. K. Sethi ya lura majinyatansa suna ajiye ƙafafun da aka ƙera bisa tsarin Turai, domin an yi su ne don mai sa takalmi da zama a kujera, su kuwa ba takalmi suke tafiya, suna tsugunawa, suna tanƙwashe ƙafa a ƙasa, suna shiga gona mai laka. A 1968 shi da wani gwanin aikin hannu, Ram Chandra Sharma, suka haɗa tafin ƙafa na roba da katako mai lanƙwasa ta kowane gefe, wanda ruwa ba ya ɓata shi. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, wadda ta fara wannan aiki a 1979, ita ma ta koma ga roba mai araha da za a iya narkarwa a gyara a ƙaramin ɗakin aiki. A cibiyarta ta Kabul, inda Alberto Cairo ɗan Italiya ya yi aiki tun 1990, akasarin ma'aikatan su ma nakasassu ne, da yawa tsofaffin majinyatan wurin. Wanda ke auna maka soket idan ya ɗage wandonsa ka ga irin taka, ba za ka ji kunyar cewa tana ci maka ba.

Hannu kuwa ya fi ƙafa wuya nesa ba kusa ba. Aikin ƙafa maimaici ne, taku bayan taku. Hannu yana ɗaukar allura, yana ɗaukar bokiti, kuma yana yin hakan ne da ji, ba tare da ido ya bi shi ba. Hannun roba ba ya ji. Na lantarki yana karanta motsin tsokar dungulmi ya buɗe yatsu, yana da kyan gani, amma yana da nauyi, ba ya son ruwa da ƙura, kuma sai an kafa masa ido. Ƙugiya mai baki biyu da D. W. Dorrance ya ƙera a 1912, bayan injin yankan katako ya cire masa hannu, da igiyar waya ake jan ta daga kafaɗa, kuma ta cikin wayar mutum yana ɗan jin ƙarfin riƙonsa. Shi ya sa manoma da makanikai da yawa har yau ita suke zaɓa. Nazarce-nazarce sun nuna kusan ɗaya cikin huɗu na manyan da aka ba hannun roba suna daina sa shi, a yara ma abin ya fi haka. Mai hannu ɗaya yakan koyi yin kusan komai da shi, don haka duk hannun da bai ƙara masa wani abu a aikinsa na yau da kullum ba, kaya ne kawai a kafaɗa. Kafin a auna shi, a fara tambayarsa me yake so ya koma yi.

Duk wannan ya dawo da mu ga mutanen da ke ɗakin filasta. Horar da mai wannan sana'a yana cin shekara uku zuwa huɗu, kuma makarantun kaɗan ne. A Afirka, wadda ke Moshi a Tanzaniya, da aka buɗe a 1981, ta daɗe tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe da yawa. Na'urar ɗaukar siffar jiki da injin da ke buga soket daga kwamfuta za su iya rage lokaci, amma har yanzu mutum ne zai ce nan a danna, nan a ɗaga. Ƙafar babba takan yi shekara uku zuwa biyar kafin a sake, tafin da igiyoyin sukan mutu kafin haka. Yaro kuwa girma yake, kusan kowace shekara sai an ƙara tsawo ko an sake soket, kuma a wasu yaran ƙashin dungulmi yana ci gaba da tsiro har ya nemi huda fata, sai an koma tiyata. Yaron da aka yanke wa ƙafa yana shekara biyar zai buƙaci ƙafafu fiye da goma kafin ya mallaki hankalinsa.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga taron rabon ƙafafun roba na kwana uku, a auna ɗaruruwa, a ɗauki hoto, a naɗe rumfa a tafi. Niyyar mai kyau ce, kuma wasu suna dacewa. Amma a wata na huɗu, lokacin da dungulmi ya sace, kusa ta kwance, fata ta fara canza launi a gefen gwiwa, mutumin nan yana buƙatar ƙofar da zai ƙwanƙwasa, da wanda zai durƙusa ya ce masa ya nuna da yatsa. Sau da yawa gyaran bai wuce a ɗumama bakin soket a tura shi waje kaɗan ba, ko a ƙara safa ɗaya, aikin da ba ya kai rabin awa.